Mihajlo Pupin: Makiyayin Idvor da Ya Kai Murya Nesa

A maƙabartar Woodlawn da ke Bronx, unguwar da 'yan uwanmu da yawa suke zaune a birnin New York, akwai kabarin wani baƙo da ya sauka Amurka a watan Maris na 1874 da santi biyar kacal a aljihu. Sunansa Mihajlo Pupin, Amurkawa kuma suna kiransa Michael. Duk wanda ya taɓa buga waya daga wani gari zuwa wani mai nisa a farkon ƙarni na 20 ya ci moriyar aikinsa.

An haife shi a shekarun 1850 a ƙauyen Idvor, wanda a yau yake cikin ƙasar Sabiya, a lokacin kuwa yana ƙarƙashin daular Ostiriya. Iyayensa manoma ne, ba su iya karatu da rubutu ba. Mahaifiyarsa, Olimpijada, ita ce ta dage sai ya yi makaranta. Idan an yi hutu yakan bi samarin ƙauye su kwana a daji suna gadin shanu saboda ɓarayi. Dabararsu ita ce kowa ya soke wuƙa mai doguwar ƙota a ƙasa. Idan ɗaya ya bugi ƙotar tasa, wanda ke nesa ya kara kunne a ƙasa sai ya ji. A nan yaron ya lura cewa ƙasa mai tauri ta fi iska kai sauti nesa, ta kuma fi ƙasar da aka huɗe.

An tura shi karatu birnin Prague. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya ga ba zai ɗora wa tsohuwarsa nauyi ba, ya sayar da littattafansa da rigar sanyinsa ya shiga jirgin ruwa. Shekara biyar ya yi yana aikin ƙarfi: ƙwadago a gonakin Delaware da Maryland, sannan aiki a wata masana'antar biskit a titin Cortlandt na Manhattan. Da dare yana zuwa darasi da ɗakin karatu na Cooper Union. A 1879 ya ci jarrabawar shiga Kwalejin Columbia, ya gama a 1883. Daga nan ya wuce Cambridge a Ingila ya zurfafa a lissafi, sannan Berlin a Jamus, wurin babban masanin fiziks Hermann von Helmholtz, inda ya sami digirin dakta a 1889. A wannan shekarar ya koma Columbia yana koyarwa a sabon sashen injiniyancin lantarki.

Matsalar wayar tarho a lokacin ita ce murya tana raunana tana kuma gurɓata idan waya ta yi tsawo. Pupin ya nemi mafita a tsohon lissafin motsi na Lagrange, wanda ya yi nazarin igiyar da aka ɗaura wa nauyi a wurare daban-daban. Ku ɗauki siririyar igiya ku kaɗa ta cikin ruwa: kaɗawar ba ta zuwa ko'ina sai ta mutu. Igiya mai nauyi kuwa tana riƙe kaɗawarta ta kai ta nesa. Idan aka ɗaura wa siririyar ƙananan duwatsu kusa da kusa, a tazara ɗaya, sai ta ɗauki halin mai nauyin. Pupin ya nuna cewa naɗin waya, idan aka dasa shi jefi-jefi a kan layin tarho a tazarar da aka ƙididdige, yana yi wa lantarki abin da duwatsun suke yi wa igiya. Ya sami takardar mallakar wannan ƙirƙira a 1900, kamfanin AT&T ya saya, kuma zuwa 1917 ya biya shi jimillar dala 455,000. Da irin waɗannan naɗe-naɗe aka haɗa New York da Denver da layin tarho a 1911.

Gaskiya dai ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Oliver Heaviside na Ingila ya riga shi kafa tushen lissafin tun 1887 bai sami ko kwabo ba, George Campbell na AT&T kuma ya yi aiki iri ɗaya a lokaci guda, har aka yi jayayya kan wanda ya fara.

A ƙarshen 1895 Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A Fabrairun 1896 aka kawo wa Pupin wani mutum da harsasan bindigar farauta suka cika masa hannu. Ya ɗora allo mai ƙyalli a kan faifan hoto, ɗaukar da ke cin kusan awa guda ta koma 'yan daƙiƙoƙi, likita ya ga inda kowane harsashi yake. A wannan shekarar ce ciwon huhu ya kwantar da shi, matarsa Sarah da ke jinyarsa ta kamu ta rasu, ta bar masa 'yarsu ƙarama. Cikin ɗalibansa akwai Edwin Armstrong, wanda ya ƙirƙiro rediyon FM da muke saurare a Kano da Maraɗi.

Arziki bai sa ya manta da gida ba. Ya shugabanci ƙungiyar taimakon juna ta Sabiyawa mazauna Amurka, ya zama ƙaramin jakadan girmamawa na Sabiya a New York a 1912, ya kuma je taron sulhu na Paris a 1919 don kare muradun ƙasarsa. A 1914 ya kafa asusun tallafin ɗalibai da sunan mahaifiyarsa, ya kuma ba da kuɗin gina zauren jama'a a Idvor. Littafin tarihin rayuwarsa ya ci kyautar Pulitzer a 1924. Ya rasu a New York ranar 12 ga Maris, 1935.

Bayan rasuwarsa Columbia ta sa wa ginin sashen fiziks sunansa. Shi da ya yi ƙuruciya da fiziks ɗin igiya da sauti da lantarki, a gidan da ke ɗauke da sunansa aka yi manyan ayyukan sabon ilimin kwantam, mai bayanin halin ƙwayar zarra. A nan Isidor Rabi, ɗan baƙi shi ma, ya auna maganaɗisun cibiyar ƙwayar zarra, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1944 kuma ya zama tushen na'urar MRI ta asibiti. A ƙasan ginin ne aka fara fasa cibiyar ƙwayar yuraniyam a Amurka, ranar 25 ga Janairu, 1939.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Pupin ya yi shekara sittin da ɗaya da barin gida, amma mutanen Idvor har yau suna adana gidan da aka haife shi, baƙi suna zuwa gani. 'Yan uwa da ke da yara a makarantun New York, ginin Pupin yana harabar Columbia kusa da titi na 120 a Manhattan; tafiyar jirgin ƙasa ce kaɗan daga Bronx, ku kai su su gani.