Louis Braille (1809–1852): Ɗan Badukun da Iyayensa Suka Ƙi Ware Shi

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairu, 1809, a ƙauyen Coupvray da ke gabas da birnin Faris na ƙasar Faransa. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu na Simon-René da matarsa Monique. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Louis yana ɗan shekara 3 ya shiga rumfar mahaifinsa, ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini yana kwaikwayon aikin fata, sai ƙarfen ya kuɓuce ya soke shi a ido. Ciwon ya ruɓe ya kama ɗaya idon, kafin ya wuce shekara 5 ya makance gaba ɗaya.

A Faransa ta wancan zamani, makomar makahon da ya fito daga gidan talakawa ba ta cika wuce bara ba, wani lokaci ma har da zama abin dariya. A shekarar 1771, a wata kasuwar baje koli ta Faris, an jera wasu makafi a kan dandamali, aka sanya musu hulunan wawaye da tabarau na kwali, aka ba su kayan kiɗa don 'yan kallo su yi nishaɗi. Wannan wulaƙanci ne ya tunzura Valentin Haüy ya ƙudiri aniyar ilimantar da makafi. Ɗalibinsa na farko a 1784, François Lesueur, yaro ne mai bara, har sai da Haüy ya riƙa biyan abin da yaron zai samu da ya fita bara kafin ya iya zama ya yi karatu. Daga nan makarantar makafi ta Faris ta samo asali.

Iyayen Louis ba su bi hanyar da aka saba ba. Ba su ɓoye shi a ɗaki ba, ba su kuma mayar da makantarsa hanyar neman abinci ba. Sun rene shi kamar yadda suka reni yayyensa. Mahaifinsa ya sassaƙa masa sanduna, da su ya laƙanci hanyoyin ƙauyen yana zirga-zirga da kansa. Limamin cocin ƙauyen, Jacques Palluy, ya fara karantar da shi, sannan malamin makaranta Antoine Bécheret ya karɓe shi ya zauna aji ɗaya da yara masu gani. Da yake ba ya iya duba littafi, sai ya dogara da saurare da hadda, ya kuma yi fice a cikinsu. Wannan zama ya ba yaran ƙauyen damar sanin makaho a matsayin abokin karatu, saɓanin mabaracin da suka saba gani a bakin hanya.

A 1819, yana ɗan shekara 10, iyayensa suka amince ya tafi makarantar da Haüy ya kafa. Ginin tsoho ne mai danshi, littattafan kuma 'yan kaɗan ne masu nauyi, an buga su da manyan haruffa masu tudu waɗanda yatsa ke bi a hankali. Ɗalibi yana iya karantawa da ƙyar, amma ba shi da hanyar rubuta abin da zai karanta da kansa. A 1821 aka gabatar wa ɗaliban tsarin Charles Barbier, wanda ya ginu a kan ɗigogi masu tudu har 12, kuma sautuka yake wakilta maimakon haruffa. Louis ya lura cewa alamar ta yi wa kan yatsa girma. Ya rage ɗigogin zuwa 6, a jeri biyu na uku-uku, waɗanda ke ba da alamomi 63, ya kuma ɗora su a kan haruffa domin a kiyaye ƙa'idojin rubutu. Ya kammala tushen aikin a 1824 yana da shekara 15, ya wallafa shi a 1829, ya sake fitar da ingantaccen bugu a 1837. A wannan makaranta ya zama malami, ya kuma yi suna wajen kaɗa kayan kiɗan coci.

Tsarin bai samu karɓuwa cikin sauƙi ba. Bayan sauke shugaban makarantar Pignier a 1840, magajinsa Dufau ya hana amfani da shi, bisa ra'ayin cewa ya kamata makafi su yi amfani da haruffan da masu gani ke iya karantawa. Yaran makarantar ne suka ceci rubutun, domin sun ci gaba da koya wa junansu shi a ɓoye, duk da horon da ake yi wa wanda aka kama. Daga baya Dufau ya sassauto, aka nuna tsarin a bainar jama'a a 1844 lokacin buɗe sabon ginin makarantar.

Tarin fuka ya daɗe yana cin Louis Braille. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1852, yana da shekara 43, shekara biyu kafin a amince da tsarinsa a hukumance a 1854. A 1952 aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin manyan mutanen Faransa, aka bar ƙasusuwan hannayensa a Coupvray. Shekara guda bayan haka, a 1953, aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato ta yau, kuma a yanzu Hausa na cikin harsunan da ake rubutawa da waɗannan ɗigogi shida.

Tarihinsa ya nuna cewa makomar yaro mai naƙasa ta dogara ƙwarai da yadda na kusa da shi suka ɗauke shi. Da iyayensa sun miƙa masa ƙoƙon bara, da bai isa Faris ba. Da kuma 'yan'uwansa ɗalibai sun bi umarnin Dufau, da wataƙila rubutun ya mutu tun mai shi yana raye.