Steve Biko: Matashin da ya rasu a hannun 'yan sanda, ba a hukunta kowa ba

An haifi Stephen Bantu Biko a ranar 18 ga Disamba, 1946, a lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, ya kuma tashi a unguwar Ginsberg. A 1966 ya shiga Jami'ar Natal domin karatun likitanci, inda daga bisani ya zama shugaban farko na ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta SASO. Koyarwarsa ita ce dole baƙar fata ya cire wa kansa jin ƙasƙanci kafin ya iya tunkarar mulkin wariyar launin fata.

A 1973 gwamnati ta hana shi jawabi a bainar jama'a, ta kuma taƙaita zirga-zirgarsa. Duk da haka ya taimaka wajen kafa asibitin Zanempilo domin talakawa.

A ranar 18 ga Agusta, 1977, aka kama shi a wani shingen bincike kusa da Grahamstown. Ya samu mummunan rauni a ka yayin da ake yi masa tambayoyi a Port Elizabeth. Maimakon a kwantar da shi a asibiti, sai aka ɗora shi tsirara a bayan mota, aka yi tafiyar kusan kilomita 1,200 da shi zuwa Pretoria. Ya rasu a ranar 12 ga Satumba yana da shekara 30.

Da farko Ministan Shari'a, Jimmy Kruger, ya danganta rasuwar da yajin cin abinci, amma binciken gawa ya nuna rauni a ƙwaƙwalwa. Duk da haka, alƙalin da ya jagoranci binciken ya yanke cewa babu mai laifi. Majalisar likitocin ƙasar ma ba ta ladabtar da likitocin da suka duba shi ba sai a 1985, bayan kotu ta tilasta mata.

Bayan faɗuwar mulkin wariya, 'yan sanda biyar sun nemi afuwa daga Hukumar Gaskiya da Sasantawa, ta kuma hana su. Sai dai hukumar ba ta da ikon gurfanar da kowa, kuma a 2003 hukumomin shari'a suka ce babu isassun hujjoji. A Satumbar 2025 aka sake buɗe binciken, shekara 48 bayan rasuwarsa.