Ladi Kwali, Gwanar Ginin Tukwane

An haifi Ladi wajen shekara ta 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gwari, a tsakiyar Nijeriya. Sunan ƙauyen nan ne ya bi ta har duniya ta san ta da shi. Ba ta shiga makarantar boko ba. A garinsu ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma tun tana ƙarama ta koya a hannun wata ƴar'uwar iyayenta.

Ga yadda matan Kwali suke yi. Sai su kwaɓa yumɓu, su murza shi kamar igiya, su riƙa ɗora wani bisa wani. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke kewaya ta, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, har cikinta ya fito daidai. In ta bushe, sai a tara itace da ciyawa a fili, a gasa ta.

Mata da yawa sun iya wannan. Inda Ladi ta fi su shi ne zane. Tun yumɓu yana da danshi take tsaga jikin randa, ta raba shi gida-gida. A wannan gida ta sa kunama, a wancan ƙadangare, can kuma kada, ko hawainiya, ko kifi. Ba ta kwaikwayon dabbar yadda ido ke ganinta. Takan miƙe wutsiya, ta lanƙwasa ƙafa, har dabbar ta cika gidanta cif. Duk da haka yaro ma in ya duba ya san kunama ce.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa. Abujan nan ita ce tsohuwa, wadda yanzu ake kira Suleja. A nan ne wani Baturen Ingila, magini, mai suna Michael Cardew, ya gan su a shekara ta 1950, suka ba shi sha'awa ƙwarai. A 1952 ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane na zamani a garin. Maza kaɗai ne a ciki, sai a 1954 Ladi ta shiga. Ita ce mace ta fari.

A can ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, ta yi kwanuka da butoci. Ta koyi shafa wa tukunya wani haɗi wanda wuta ke mayar da shi kamar gilashi. Ta saba da matoya rufaffiya, mai zafin da ya fi na wutar ciyawa nesa ba kusa ba. Amma ba ta yar da abin da ta zo da shi daga gida ba. Manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su, tana kewayawa. Sai ta cika tsagar zanen da farar ƙasa, don dabbobin su fito sarai ƙarƙashin ƙyallin.

Sabuwar randar ta yi kyau, amma ta rasa wani abu. Randar gida, irin wadda ake gani a inuwa a Suki ko Maiwurno ko Maraɗi, tana tsattsafo, iska na bugunta, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Ta Ladi mai ƙyalli ba ta tsattsafo. Ga ta da nauyi, ga tsada. Macen ƙauye ba za ta kai ta rafi ba. Ta tashi daga kayan aiki, ta koma abin kallo, masu kuɗi da gidajen ajiye kayan tarihi suka riƙa saye.

An nuna tukwanenta a birnin Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita kanta ta je Ingila, ta je Amurka a 1972. Ba doguwar magana ta kai musu ba. Takan ɗauki curin yumɓu gaban ɗalibai da malamansu, ta yi ta kewaya shi har randa ta tsaya. Bayanta wasu mata sun shiga wurin aikin na Abuja, kamar su Halima Audu da Asibi Ido.

A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna ran 12 ga watan Agusta, 1984. Wurin da ta yi aiki a Suleja an sa masa sunanta. A bayan takardar naira 20 kuwa akwai hotonta, ta sunkuya tana gini.