Richard Feynman (1918–1988)

An haifi Richard Feynman a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 11 ga watan Mayu, 1918. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai harkar yunifom, bai yi zurfi a karatun kimiyya ba, amma ya saba fita da yaron cikin daji yana nuna masa tsuntsaye. Abin da ya cusa masa tun yana ƙarami shi ne, mutum zai iya sanin sunan tsuntsu cikin harsuna da yawa, amma bai san tsuntsun ba sai ya tsaya ya lura da abin da yake yi.

Ya yi digirinsa na farko a jami'ar MIT a 1939, ya kuma sami digirin digirgir a Princeton a 1942. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin masanan da suka ƙera bam ɗin nukiliya a Los Alamos, kuma yana kan wannan aiki matarsa Arline ta rasu da tarin fuka a 1945. Bayan yaƙi ya koyar a jami'ar Cornell, daga nan ya koma Caltech da ke jihar Kalifoniya, inda ya ƙare rayuwarsa ta aiki. A 1965 aka ba shi kyautar Nobel a fannin fiziks tare da Julian Schwinger da Shin'ichiro Tomonaga.

Sai dai abin da ya fi shafar mai koyon malanta shi ne yadda ya ɗauki koyarwa. A farkon shekarun 1950 ya koyar a Rio de Janeiro ta ƙasar Birazil, ya tarar da ɗalibai masu hadda ƙwarai. Idan ya tambaye su dokar da ta shafi hasken da ya daki wani abu ya dawo, sai su zubo ta tiryan-tiryan kamar yadda take a littafi. Amma da ya nuna musu hasken rana a kan ruwan teku ta taga, ya yi tambaya a kansa, sai aji ya yi tsit. Sun haddace kalmomin, ba su san ruwan nan na gabansu ake nufi ba. Da zai tafi, ya faɗa wa hukumomin ilimi ƙarara cewa abin da ake koyarwa a wurin ba kimiyya ba ne. Wannan cuta kuwa ba ta Birazil kaɗai ba ce.

A watan Nuwamba na 1964 ya gabatar da laccoci bakwai a Cornell, gidan BBC ya ɗauke su a fim. A ta ƙarshe akwai wani ɗan yanki da bai fi minti ɗaya ba, wanda malamai da yawa ke nuna wa ɗalibai idan za su fara darasin hanyar binciken kimiyya. Yana tsaye gaban allo da alli a hannu, ya bayyana cewa mai neman sabuwar doka yakan fara ne da hasashe. Masu sauraro suka yi dariya, ya nuna musu da gaske yake. Daga hasashen sai a lissafa abin da ya kamata ya faru in har daidai ne, sannan a gwada a gani. Idan gwaji ya saɓa, hasashen ya faɗi, komai kyansa, komai girman wanda ya kawo shi.

Bayan shekara 21 da 'yan watanni ya nuna wannan darasi a aikace. Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu, cikinsu har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe. Aka sa Feynman cikin kwamitin bincike, duk da cutar daji da yake fama da ita. A zaman ranar 11 ga Fabrairu, a gaban kyamarorin talabijin, ya ɗauki guntun robar da ake toshe mahaɗar rokar da ita, ya matse ta da ɗan ƙarfe, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara. Da ya fito da ita ya saki ƙarfen, robar ba ta koma yadda take nan da nan ba. An kuwa harba kumbon ne da safiya mai tsananin sanyi. Wanda bai taɓa shiga ajin fiziks ba ma ya gane inda iskar gas mai zafi ta sami kafa.

A nan ne malami zai yi hattara. Fim ɗin yana sa mai kallo ya zaci mutum ɗaya ne ya gano gaskiya cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar sun yi gargaɗi kan sanyi tun daren da za a yi harbin, kuma wani abokin aikinsa a kwamitin, Janar Donald Kutyna, shi ya karkato hankalinsa ga batun. Feynman da kansa bai ɓoye wannan ba. Kofin ruwan nuni ne kawai. Ainihin binciken yana cikin makonnin da ya yi yana bin injiniyoyi da tambaya. Daga nan ya gano cewa shugabannin hukumar NASA suna ƙiyasta haɗarin faɗuwar kumbo a kan 1 cikin 100,000, su kuwa wasu injiniyoyinsu suna ganin ya kai 1 cikin 100. Ya dage sai an sa wannan bayani a rahoton, har ya yi barazanar janye sa hannunsa, aka buga shi a matsayin rataye.

Feynman ya rasu a Los Angeles ranar 15 ga Fabrairu, 1988, yana da shekara 69. A 2009 Bill Gates, wanda ya sayi haƙƙin laccocin Cornell, ya sa aka ɗora su a intanet kyauta.