Benvenuto Cellini

Benvenuto Cellini (an haife shi ranar 3 ga Nuwamba, 1500, ya mutu ranar 13 ga Fabrairu, 1571) maƙerin zinari ne, masassaƙi, kuma marubuci ɗan birnin Florence da ke Italiya a yau. Ya yi wa Fafaroma biyu aiki, da sarkin Faransa, da mai mulkin Florence. Kusan duk kayan zinarin da ya ƙera an narkar da su ko sun ɓace. Abin da ya rage shi ne wata ma'ajiyar gishiri ta zinari, da 'yan gumakan tagulla da na dutse, da wasu tsabar kuɗi da lambobin girma, sai kuma littattafansa, waɗanda masu koyon ƙirar fari ke karantawa har yanzu.

Farkon rayuwa

Mahaifinsa, Giovanni Cellini, mai ƙera kayan kiɗa ne, kuma burinsa ɗansa ya zama mabushi. Yaron ya iya busa sosai, amma hankalinsa yana wajen ƙira. Yana ɗan shekara 15 ya shiga koyon sana'a a hannun wani maƙerin zinari mai suna Antonio di Sandro, wanda ake wa laƙabi da Marcone. Shekara guda bayan haka aka kore shi daga Florence na wata shida saboda faɗa, ya tafi Siena. Ya zauna a Bologna da Pisa yana aiki a maƙeru daban-daban, kafin ya isa Roma a 1519.

Zamansa a Roma

A Roma ya yi suna wajen ƙera tasoshin azurfa, da hatimai, da lambobin zinari da manyan mutane ke maƙalawa a hula. Busar da ya ƙi ce ta fara kai shi fadar Fafaroma Clement na VII, inda aka ɗauke shi cikin makaɗa.

A 1527 sojojin Sarki Charles na V suka afka wa Roma. Cellini yana cikin waɗanda suka fake da Fafaroma a gidan ganuwa na Castel Sant'Angelo, yana harba igwa. Ya yi iƙirarin cewa shi ne ya harbe jagoran maharan, Charles na Bourbon, sai dai wannan magana daga bakinsa kaɗai ta fito. Ya kuma ba da labarin yadda Fafaroma ya sa shi ya ciro duwatsu masu daraja daga rawunan sarauta don a ɓoye su, ya narkar da zinarin.

A 1529 aka ba shi aikin sassaƙa tambarin buga kuɗin Fafaroma. A wannan lokaci ne ya ƙera wani babban maɓallin alkyabba na zinari da lu'ulu'u a tsakiyarsa. An narkar da shi a 1797, lokacin da fadar Fafaroma ke tara dukiyar biyan Napoleon. Zanensa kawai ya rage, a gidan tarihi na British Museum.

Cellini mutum ne mai zafin rai ƙwarai. Ya kashe wanda ya kashe ƙanensa Cecchino, sannan a 1534 ya soke wani abokin gabarsa a sana'a, Pompeo ɗan Milan. Sabon Fafaroma, Paul na III, ya yafe masa. A 1538 aka tsare shi a Castel Sant'Angelo bisa zargin satar duwatsun Fafaroma tun lokacin harin. Ya tsere ta kan ganuwa ya karya ƙafa, aka sake kama shi. Sai a ƙarshen 1539 aka sake shi, bayan Kadinal Ippolito d'Este ya sa baki.

Ma'ajiyar gishiri

Daga 1540 zuwa 1545 ya yi wa Sarki Francis na I aiki a Faransa. Can ya ƙera abin da ake kira Saliera, ya gama a 1543. Tsayinta kimanin santimita 26 ne, faɗinta 33.5, tana zaune a kan gindin baƙin katako. Mutum-mutumi biyu ne zaune suna fuskantar juna: namiji a matsayin teku, da ƙaramin jirgi na zuba gishiri kusa da shi, mace kuma a matsayin ƙasa, da ɗan ginin zuba masoro. Ba zuba narkakken zinari aka yi cikin ƙwarya ba. Da guduma da ƙananan kurafe ya tayar da siffofin daga falankin zinari, sannan ya narka gilashi mai launi a wasu sassa.

A 1570 Sarki Charles na IX ya ba da ita kyauta ga Ferdinand na II na Tyrol, abin da ya kai ta Ostiriya. An sace ta daga gidan tarihi na Kunsthistorisches da ke Vienna ranar 11 ga Mayu, 2003, aka gano ta a watan Janairun 2006 a binne cikin wani daji kusa da garin Zwettl.

Komawa Florence

Saɓani da mutanen fada ya sa ya bar Faransa a 1545. A Florence, Cosimo de' Medici ya ba shi aikin gunkin tagulla na Perseus riƙe da kan Medusa, wanda aka buɗe a 1554 a Loggia dei Lanzi, kuma yana nan har yau. A labarinsa, ƙarfen ya fara daskarewa ana cikin narkawa, sai ya sa aka kwaso kwanoni da farantan kuza na gidansa, kusan ɗari biyu, aka jefa cikin wutar har ya gudana. A 1557 kotu ta same shi da laifin luwaɗi, aka mayar da hukuncinsa ɗaurin talala a gida.

Littattafansa

A 1558 ya fara tarihin rayuwarsa, yawanci yana faɗa wani yaro yana rubutawa, shi kuma yana aiki. Ba a buga shi ba sai a 1728. Goethe ya fassara shi zuwa Jamusanci, Berlioz kuma ya yi wasan waƙa a kansa a 1838. Littafin cike yake da yabon kai, don haka masana tarihi kan gwada shi da wasu takardu kafin su yarda.

Wanda ya fi amfani ga maƙera shi ne littafinsa kan ƙirar zinari da sassaƙa, da aka buga a Florence a 1568. A zamanin da sana'a ke wucewa daga maigida zuwa yaronsa da baki da ido, shi ya zauna ya rubuta ta mataki-mataki. Ya bayyana aikin niello, wato baƙin haɗi na azurfa da jan ƙarfe da dalma da farar wuta da ake cika zanen da aka ƙwaƙule a jikin azurfa da shi, sannan a goge da magagari da gawayi har ya yi sumul. Ya yi bayanin saƙa siririyar wayar zinari da yadda ake like ta, da narka gilashi mai launi, da shafa ruwan zinari, da sassaƙa tambarin kuɗi a jikin ƙarfe mai tauri. Ya nuna yadda ake sa ɗan falle mai launi a ƙarƙashin dutse don ya ƙara haske, da yadda ake shafa wa gindin lu'ulu'u ƙaro da baƙin hayaƙin fitila. Inda ya fi daɗewa shi ne tayar da siffa daga falanki: a buga ta baya, a juya a buga ta gaba, a riƙa mayar da zinarin wuta don ya yi laushi kada ya tsage. A nan ya yaba wa Caradosso, tsohon maƙerin da ya tarar a Roma, duk da cewa ya ce hanyarsa ta bambanta da tasa.

C. R. Ashbee ya fassara littafin zuwa Turanci a 1898, kuma ana iya karanta fassarar kyauta a intanet.

Mutuwa

A shekarunsa na ƙarshe ayyukan fada sun ja baya. Ya sassaƙa wani gicciye na farin dutse, wanda yanzu ke fadar Escorial a Sifaniya, kuma yana cikin masu fasahar da aka zaɓa don shirya jana'izar Michelangelo a 1564. Ya mutu a Florence yana da shekara 70, aka binne shi a majami'ar Santissima Annunziata.