Alhaji Alhassan Ɗantata: Ɗan Bebeji Da Ya Hango Amfanin Jirgin Ƙasa

'Yan uwa mazauna birane, kusan duk inda aka rataye tsohon hoton dalar gyaɗar Kano, za ku ga layin dogo a gefensa, wani lokaci har da kan jirgi yana tuttuɗa hayaƙi. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna kallon hoton nan, ba su san cewa tarihin wani ɗan garinsu ne a ciki ba.

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana. Sai ya tashi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata, daga gare ta ya sami sunan da duniya ta san shi da shi. Ya yi karatun allo, sannan ya shiga fataucin goro a ƙasar Gwanja. Maimakon ya tsaya ga ayarin jakuna mai cin watanni a hanya, sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai gyaɗa ta yi daraja, domin an sami hanyar kai ta bakin teku. Alhassan ya dawo Kano, ya zauna a unguwar Sarari. A 1918 ya zama wakilin kamfanin Neja wajen sayen gyaɗa, yaransa suka bazu ƙauyuka. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, kuɗin azurfa ya kai ajiya a kan raƙuma ashirin.

Ita dala ba don ado aka yi ta ba. Gyaɗa ce ta fi ƙarfin taragun jirgi, aka riƙa jera buhuna, kimanin 15,000 a kowace dala, suna jiran a kwashe su.

To, yaya za mu gane lokacin da aka ɗauki hoto? Mu dubi kan jirgin. In mai kwal ne, mu ƙirga ƙafafunsa na gefen da muke gani. In akwai ƙarama ɗaya a gaba, manya huɗu a tsakiya, ƙarama ɗaya a baya, kuma an rubuta sunan wani kogi a jikinsa, to yana cikin waɗanda aka fara kawowa daga Ingila a 1948, hoton bai riga wannan shekara ba. In kuwa kan jirgin mai dizal ne, ba tukunya ba bututun hayaƙi, to hoton na tsakiyar shekarun 1950 ne ko bayansu. Lambar da ke jikin jirgin da allon sunan tasha su ma shaida ne.

Allah Ya yi wa Alhaji Alhassan rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a Sarari.

Muna roƙon duk mai irin waɗannan hotuna a akwatin iyayensa, ya zo mana da su taron shekara mu ɗauki kwafi, tun gara ba ta cinye su ba, tun dattawan da za su gane fuskokin da ke ciki suna raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.