Polly Hill, Baturiyar Da Ta Ɗauki Karatu A Gonakin Batagarawa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a nan ƙasar Kankiya da Kusada, da zarar an ce mai ilmin noma, sai hankalinmu ya tafi kan malamin gona, wanda yakan zo bisa babur ya tara manoma ya gaya musu yadda za su yi shuka. To, matar da zan ba ku tarihinta ba haka ta yi ba. Ita zuwa ta yi ta zauna a ƙauye, manoma suka zama malamanta, ta yi ta tambaya tana rubutawa. Sunanta Polly Hill, ƙauyen kuwa Batagarawa ne, wanda ke kudu da birnin Katsina da kamar mil 6.

An haife ta a garin Kambirij na ƙasar Ingila cikin shekarar 1914, a gidan masu ilmi gaba da baya. Mahaifinta, A. V. Hill, masanin yadda jikin ɗan Adam ke aiki ne, har ya sami lambar girma ta Nobel ta 1922. Kawunta kuma, watau wan mahaifiyarta, shi ne John Maynard Keynes, wanda duk mai karatun tattalin arziki ya san sunansa. Ita ma tattalin arzikin ta karanta a Kwalejin Newnham ta Jami'ar Kambirij, ta ƙare a 1936. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi sai ta shiga aikin gwamnati, ta yi shekara goma sha ɗaya a ofis. A 1951 ta bar shi ta koma aikin jarida a wata mujalla mai suna West Africa da ake bugawa a Landan. Wannan aiki shi ya fara kawo ta ƙasashenmu.

Tana da shekara kusan arba'in ta kama aikin bincike a jami'ar ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast. A wancan zamani Turawa da yawa sun ɗauka manomin Afirka ba ya da dabara, abin da ya gada kawai yake maimaitawa. Sai ta bi manoman koko, wanda ake yin cakulan da shi, gona gona, tana tambayar wa ya sayi wannan fili, da kuɗin wa, kuma yaushe. Ta gano cewa tun wajen 1890 manoman kudancin Gana ke haɗa kuɗi su yi ƙaura su sayi daji su dasa koko, ribar da suka samu su ƙara sayen wani dajin, ba tare da wani Bature ya shirya musu ba. Littafin da ta rubuta a kan haka ya fito a 1963, shi ne kuma ya ɗaukaka sunanta.

A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a Nijeriya, zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo, ta sauka Batagarawa, garin Hakimi Mallamawa. Ta yi kimanin wata shida a can, tana aiki da taimakon 'yan garin da ke yi mata tafinta. Mutanen garin a lokacin ba su wuce 1,400 ba. Ta samo hoton ƙasar da aka ɗauka daga jirgin sama, aka bi gonakin ɗaya bayan ɗaya ana gaya mata mai kowace, da yadda ya same ta, ko gado ne, ko saye, ko aro, ko jingina.

Abu na farko da ta lura da shi, abu ne da mu muka saba gani har ba mu ɗauke shi a bakin kome ba. Gonakin da ke kewaye da gari, waɗanda mutanen wurin ke kira karakara, ana noma su kowace damina ba hutu, shekara da shekaru, amma ba su mutu ba. Alhali littattafan Turawa da yawa cewa suke manomin Afirka yakan cinye ƙarfin gona ne ya gudu ya sari sabon daji. Asirin kuwa taki ne. Da rani ake kwashe kashin awaki da tumaki da na jakuna, da toka da sharar gida, a zuba a mangala, jaki ya kai gona, a tsuga shi tsibi tsibi kafin ruwa ya sauka. Dabba ta ci harawa da karan da gona ta bayar, ta mayar wa gona da taki. A kunya guda kuma ga gero, ga dawa, ga wake, wani wurin ga gyaɗa, in wannan ya ƙi wancan ya yi. A cikin waɗannan shekaru ne ma masu bincike na Samaru ta Zariya suka auna irin wannan haɗin shuka a ƙauyukan Zazzau, suka tarar manomi na da hujjarsa. Yau masana na duniya sun yi wa wannan hanya suna, suna kiranta noma mai ɗorewa, ana kuma ba da digiri a kanta. Ni dai da na karanta wannan, sai na tuna yadda nake ɓata rai duk ran da aka tashe ni da sassafe kai taki gonarmu ta Kusada.

Amma abin da ya fi damunta shi ne wannan tambaya: in dabarar noman tana da kyau, me ya sa wasu gidaje ke kwana da yunwa kowace damina? Kafin zuwanta, abin da aka fi faɗa shi ne mutanen ƙauye duk ɗaya suke, talaucinsu ɗaya, kuma tun da ƙasa na da yawa, wanda ya rasa abinci ragonci ne ya ja masa. Sai ta ƙirga gidajen noma 171 a garin, ta roƙi waɗansu mutane da suka san kowa su rarraba su gwargwadon yadda kowane gida zai iya jure wa shekarar da amfani ya yi latti ko ya ƙi. Aka sami kashi huɗu. Kamar gida ɗaya cikin goma ne ke da ƙarfin da ba ya jin kome, har ya taimaki wani. Kusan gida ɗaya cikin huɗu kuwa, ko a shekarar albarka ma cikin wahala yake.

Ga yadda abin ke juyawa, kuma na tabbata iyayenmu za su gane shi. Da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, matalauci dole ya sayar da nasa don ya biya haraji da bashin da ya ci. Mai hali shi ke saye ya zuba a rumbu. Kafin damina ta yi nisa rumbun matalauci ya ƙare, ga hatsi ya yi tsada. Don ya sami tiyar da za a ci a ranar, sai ya tafi ƙwadago gonar mai hali, a daidai kwanakin da tasa gonar ke bukatar noman fari. Ciyawa ta ci ƙarfin shukarsa. Ba shi da dabbobi, saboda haka ba taki, wani ma ɗan takin da ya tara a gida sayar da shi yake. Kaka ta zo, damin da ya samu bai kai na bara ba, ga bashi na jira. Daga nan sai jinginar da gona, daga jingina sai sayarwa. 'Ya'yansa kuma, da suka ga gandun ubansu ba ya ciyar da su, sai su watse. Abin da ta fahimta a taƙaice shi ne, akwai mutumin da talauci ke hana wa noma ko da yana da gona, kuma ba rashin sani ke damunsa ba. Ina ganin ya kamata mu ɗalibai mu riƙe wannan kafin mu yi saurin kiran wani rago don mun ga gonarsa cikin ciyawa.

Ba ta manta da mata ba. Ta rubuta yadda matan kulle ke ciniki daga cikin gida, na hatsi da man gyaɗa da ƙuliƙuli da fura, yara na kai talla, kasuwa ce babba wadda baƙo ba ya gani. Littafinta na Batagarawa, mai suna Rural Hausa, ya fito a 1972. Kusan rabinsa bayani ne kan kalmomin Hausa na noma da ciniki, an jera su bisa tsarin a, ba, ca, har ya zama kamar ƙamus.

Daga Katsina ta koma Ɗorayi, a bayan ganuwar Kano, cikin 1971 da 1972, inda jama'a suka yi yawa ƙwarai, gonaki suka ƙanƙance, manoma ke ɗauko sharar birni a kan jakuna. Littafin wannan aiki ya fito a 1977. Ɗorayin da ta sani da gonaki, yanzu birnin Kano ya haɗiye ta. Tana da shekara sittin da 'yan kai ta tafi jihar Karnataka ta ƙasar Indiya, ta gwada manoman hatsi na can da na ƙasar Hausa a littafin da ya fito a 1982. A 1986 kuma ta buga wani inda ta caccaki masu tsara ci gaban ƙauye daga ofis, da alƙaluman da ba wanda ya je gona ya auna. Wannan faɗar gaskiya ba ta ƙara mata farin jini a wurin masanan tattalin arziki ba, kuma duk da yawan aikinta ba ta taɓa riƙe kujerar farfesa a Kambirij ba.

Akwai inda za a iya kushe aikinta. Ƙauye ɗaya da wata shida ba su isa a yanke wa ƙasar Hausa duka hukunci ba, ita ma ta sha jan kunnen masu karatu game da haka. Sa'an nan zamani ya canja: an daina harajin da ke tilasta sayar da hatsi da kaka, takin zamani ya shigo, jaki ya yi ƙaranci, gonaki sun ƙara rarrabuwa tsakanin magada. Amma duk wanda ya kwatanta kuɗin tiyar gero a kasuwar Kankiya da kaka da kuɗinta a tsakiyar damina, zai ga juyin nan da ta bayyana bai tsaya ba.

Polly Hill ta rasu ran 21 ga Agusta, 2005, tana da shekara 91, ta bar 'ya ɗaya.